Na koma Fedora Silverblue, ta yaya zan gwada sabuntawa ba tare da na ɓata kwamfutata ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina amfani da Fedora ta yau da kullum (tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta), kwanan nan na koma Silverblue, wani nau'in Fedora ɗin, don na ji an ce ba ta lalacewa. Na buga dnf install zan saka manhaja, ya ƙi. Ta ina ake saka manhaja a nan? Kuma da gaske ne in sabuntawa ta zo da matsala zan iya komawa baya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙin da ya yi ba lalacewa ba ne, haka aka gina ta. A Fedora ɗin da ka saba, ana sauya guntayen tsarin ɗaya bayan ɗaya a kan kwamfutar da ke aiki. A Silverblue kuwa tsarin dunƙule ɗaya ne, kuma foldar /usr a kulle take, karantawa kawai ake yi. Idan sabuntawa ta zo, rpm-ostree, wato shirin da ke kula da sabunta tsarin, yana haɗa sabon dunƙule a gefe, ba ya taɓa wanda kake kai, sai ka kashe ka kunna sannan ka shiga sabon. Wayoyin Android da yawa haka suke yi tun fitowar Android 7 a 2016.

Hanyoyin saka manhaja uku ne. Manhajojin yau da kullum irin su VLC ko GIMP, ka ɗauko su a matsayin Flatpak (manhajar da aka ƙunshe ta daban da tsarin) daga Flathub, rumbun irin waɗannan manhajojin, ba sai ka sake kunna kwamfuta ba. Kayan masu rubuta manhaja kuma ka buɗe musu Toolbx, wato keɓaɓɓen wurin aiki a cikin kwamfutar, a ciki dnf ɗinka yana aiki kamar da. Ta ukun ita ce rpm-ostree install, wadda ke ɗora abu a kan dunƙulen kansa. Wannan ka bar ta ga abin da ba makawa, kamar direba (manhajar da ke sa wani sashen kwamfuta ya yi aiki). Duk abin da ka ɗora, sai an sake ɗora shi a kowace sabuntawa, don haka aikin yana ƙara nauyi, kuma idan abin daga ma'ajiyar waje ya fito, ranar da ya saɓa da sabon dunƙule sabuntawar tsayawa take yi.

Batun komawa baya gaskiya ne, amma kar ka jira sai ranar da ka shiga uku kafin ka koye shi. Ka gwada yau, lokacin da komai lafiya. Buga rpm-ostree status ka rubuta lambar da kake kai. Sannan sudo ostree admin pin 0, don ka kafe wannan dunƙulen kada a share shi, domin biyu kawai tsarin yake ajiyewa, na yanzu da na bayansa. Sai ka yi rpm-ostree upgrade. Kafin ka sake kunnawa, rpm-ostree db diff zai nuna maka abin da ya sauya. Ni abin da idona ke fara nema shi ne kernel (zuciyar tsarin) da Mesa (direbobin hoton allo), don daga nan matsalar allo da Wi-Fi ta fi fitowa.

Bayan ka kunna, ka duba sauti, Wi-Fi, firinta in kana da ita, ka rufe murfin kwamfutar ka buɗe ka ga ko ta farka. Daga nan, ko da komai daidai, ka buga rpm-ostree rollback ka sake kunnawa, ka ga tsohon da idonka. Idan tsoro kake ji, ka fara yin duk wannan a cikin GNOME Boxes, manhajar da ke buɗe maka kwamfutar gwaji a cikin taka, sai dai ka sani can ba za ta nuna maka matsalar direbobin kwamfutarka ta ainihi ba.

Tambaya: Malam na yi rollback saboda wata manhaja ta daina buɗewa bayan sabuntawa, amma har yanzu ba ta buɗewa. Ina komawa bayan da ake faɗa?

Amsa: Ina kyautata zaton Flatpak ce. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Rollback tsarin kawai yake mayarwa. Manhajojin Flatpak da fayilolinka suna zaune ne a ƙarƙashin /var, har foldar /home ɗinka a can take, kuma rollback ba ya leƙa wurin. Shi ya sa ma takardar da ka goge ba za ta dawo ta wannan hanya ba, sai dai in kana da kwafi a wani faifan.

Manhajar kuma tana da tata hanyar. Buga flatpak remote-info --log flathub, ka biyo da cikakken sunanta, zai jero maka tsofaffin sigoginta, kowacce da doguwar lambarta. Ɗauki ta kafin matsalar, ka yi sudo flatpak update --commit= ka liƙa lambar, sai sunan manhajar. Idan ta buɗe, ka yi mata flatpak mask, in ba haka ba sabuntawa ta gaba za ta dawo maka da wadda ta ƙi buɗewar.