Madoka ba ta 'yar shekara tara ba ce: inda ya kamata ku fara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ƙanwarki mai shekara tara ta ga guntayen Sailor Moon, shirin zane na Japan (anime) kan 'yan mata masu sihiri, a waya ta nace sai an samo mata, kina so ku zauna ku kalla tare, sai aka ba ki shawarar ku fara da Madoka Magica tunda kashi 12 ne kacal, ba zai ci data ba. Don Allah kada ki kunna mata Madoka. Zanen 'yan matan ciki mai taushi ne, da manyan idanu da riguna masu fuka-fukai, amma a kashi na 3 dodo yake cizge kan ɗaya daga cikinsu, kuma daga nan labarin ba ya sake yin sauƙi.

Zane ba ya gaya miki wa aka yi wa shiri. Abin da za ki duba shi ne lokacin da aka riƙa nuna shi a talabijin ɗin Japan da kuma yawan kashinsa. Wanda aka yi wa yara ana sa shi da safe ko da yamma, yana ɗaukar shekara guda cur, sau da yawa kashi 45 zuwa 50 a zango ɗaya, domin kamfanin kayan wasan yara, galibi Bandai, shi ke ɗaukar nauyinsa, kuma yana so sandar sihirin da yarinya ta gani a allo ta gan ta a shago. Sailor Moon ƙarfe 7 na yammacin Asabar ake nuna ta, Pretty Cure kuma ƙarfe 8:30 na safiyar Lahadi. Wanda aka yi wa manya kuwa bayan tsakar dare ake sa shi, kashi 12 ko 13, a da kuɗinsa galibi daga sayar da faifai yake fitowa. Madoka ta 2011 da Nanoha ta 2004 duk 'yan dare ne. Wato gajartar da aka yaba miki ita ce alamar da ya kamata ta sa ki ja baya. Ma'aunin yana da ɓaraka ɗaya da na sani sosai: Utena ta 1997, kashi 39, da yamma aka nuna ta, amma ko kusa ba ta yara ba ce.

Ga 'yar shekara tara, Cardcaptor Sakura zan sa a gaba, kafin ma Sailor Moon ɗin da take nema. Kamfanin Madhouse ne ya yi ta daga 1998 zuwa 2000, kashi 70, daga manga, wato labarin zane na littafi, mai littafi 12 na ƙungiyar masu zane CLAMP. Sakura 'yar aji huɗu ce a firamare, ta buɗe wani littafi a ɗakin karatun mahaifinta, katunan sihiri suka watse a gari, dole ta tattaro su ɗaya bayan ɗaya. Babu mugun da ke neman halaka duniya. Kowane kati halinsa daban, yawancinsu kuma dabara ake yi musu ba duka ba: katin ruwa, misali, sai da ta yaudare shi ya shiga ɗakin ƙanƙara ya daskare kafin ta kama shi. Mahaifiyarta ta rasu, don haka ita da yayanta da babansu ke raba girki da shara, an rubuta aikin kowa a allo a gidan. Sakura ba ta ma rikiɗa ta canza kaya da sihiri irin na sauran jaruman wannan fanni. Ƙawarta Tomoyo ce ke ɗinka mata sabuwar riga duk fita, ta bi ta da kyamara.

Jerin kallonta ba wuya. Kashi na 1 zuwa 35, sai fim na farko na 1999 wanda ya faru a Hong Kong, sai 36 zuwa 70, sai fim na biyu na 2000. Na farkon za ku iya tsallake shi ba abin da zai ɓace, amma na biyun dole ne, don kashi na 70 ya bar magana a rataye kuma fim ɗin ne ya rufe ta. Clear Card ta 2018, kashi 22, ci gaba ce, sai dai ta tsaya a tsakiyar labari, ƙarshensa yana cikin manga. Abin da za ki sani tun da wuri: soyayya a wannan shiri ba ta tsaya tsakanin namiji da mace kawai ba. Akwai shaƙuwar yayan Sakura da abokinsa Yukito, akwai yadda Tomoyo ke ji game da Sakura, akwai kuma wata 'yar ajinsu da ke son malaminsu, wanda a anime an rage shi sosai amma a manga har zobe ya ba ta. Ba a nuna komai na fitsara, cikin kallo da jin kunya ake yin abin, yarinya ƙarama ƙila ba za ta lura ba, amma ke za ki lura. Don haka mangar ba zan miƙa mata ba tukuna.

Idan kuma yarinyar mai son faɗa da tsalle-tsalle ce, Pretty Cure ta fi dacewa. Tun Fabrairun 2004 kamfanin Toei ke fitar da sabuwa kowace shekara, kuma daraktan ta farkon, Daisuke Nishio, shi ne ya yi Dragon Ball Z, shi ya sa 'yan matan naushi da shuri suke yi sosai. Kuskuren da masu farawa ke yi shi ne zaton sai sun fara daga 2004 sun bi a jere. Kusan kowace shekara labari ne mai zaman kansa da sababbin 'yan mata. A cikin tsofaffin, Max Heart ta 2005 da GoGo ta 2008 ne kawai ci gaban wadda ta gabace su. Ki zaɓi HeartCatch ta 2010, kashi 49, ko Go! Princess ta 2015, kashi 50. A HeartCatch dodon kowane mako daga damuwar wani mutum ake yin sa, sai ya riƙa faɗin abin da mutumin ya ɓoye a zuciya da ƙarfi a gaban jama'a, kamar yarinyar da ke jin an fifita 'yar'uwarta a kanta. Wannan yana buɗe hira mai kyau da yaro bayan an kashe talabijin. Ƙarshenta yana da mutuwa a ciki, ku kalli kashi huɗun ƙarshe tare.

To, Sailor Moon. Nan ne aka fi rikicewa, domin iri biyu ce. Ta asali ta 1992 zuwa 1997 kashi 200 ce a zango biyar: 46, sai R mai 43, sai S mai 38, sai SuperS mai 39, sai Sailor Stars mai 34. Kowane kashi kusan minti 24, wato awa 80 ke nan gaba ɗaya. Sai kuma Crystal da aka fara a 2014, wadda ke bin mangar Naoko Takeuchi sau da ƙafa: kashi 26, sai 13 a 2016, sai fina-finan Eternal guda biyu a 2021 da Cosmos guda biyu a 2023. Mutane da yawa suna cewa a kalli Crystal don ba ta da ciko. Ban yarda ba. A ta asali, cikin ƙawayen jarumar, Usagi, Ami ba ta bayyana sai kashi na 8, Rei na 10, Makoto na 25, Minako na 33. A Crystal duk sun hallara kafin kashi na 9. Abin da ake kira ciko shi ne lokacin da kike ganin Usagi da Rei suna tsiya kan abin banza, Makoto tana kawo abinci makaranta, Ami tana riƙe da littafi ko a wurin wasa. Saboda wannan zaman ne kashi na 45, inda suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a kan ƙanƙara, yake sa mutum hawaye. A zangon farko na Crystal ƙawayen kusan 'yan rakiya ne. Ga shi kashin farko-farko da aka saki a intanet zanensu yana da kurakurai a fuska da hannu, sai a faifan Blu-ray aka gyara.

Cikon gaskiya shi ne kashi na 47 zuwa 59, farkon R, wanda aka ƙirƙira don a ba marubuciyar lokaci ta yi gaba da manga. Ana iya tsallake shi, sai dai a cikinsa ne 'yan matan ke dawo da tunaninsu, don haka ko 47 da 48 da 59 ku kalla. Zangon S shi ne mafi ƙarfi a wurina, SuperS kuma mafi ja, don ya karkata ga ƙaramar yarinya Chibiusa.

Ga ƙanwarki, zango na ɗaya da R sun isa a yanzu, kuma ki fara kallon 45 da 46 ke kaɗai kafin ki nuna mata. Siket ɗin gajeru ne ƙwarai, wurin rikiɗa kuma ana nuna siffar jiki cikin haske a kowane kashi. Usagi shekararta 14, Mamoru da take so kuwa a wannan anime ɗan jami'a ne. A S, Haruka da Michiru mata ne masoyan juna. A Stars akwai mawaƙa uku maza da ke rikiɗa su koma mata idan za su yi faɗa. Batun sihiri kuma, yawancinsa sanda ce da walƙiya, amma Rei mai hidimar wurin bautar Shinto ce, addinin gargajiyar Japan, tana duba a cikin wuta, Sakura ma akwai kashin da take jera katunanta ta yi duba da su. Wannan hukuncin gidanku ne, ni dai na gaya miki inda abin yake.

Matsalar da ta fi kowace yawa ita ce samo gurɓataccen kwafi. Kamfanonin Amurka da Kanada sun yi wa waɗannan shirye-shirye aski sosai, kuma kwafinsu na nan yana yawo. Da suna za ki gane. Idan kika ji ana kiran Usagi da Serena, tsohuwar fassarar DiC ce ta 1995: zangon farko ya koma kashi 40, an haɗe biyun ƙarshe an cire mutuwar, sai ƙarshen ya rasa ma'ana. A fassarar S ta 2000 an mai da Haruka da Michiru 'yan'uwan juna amma an bar yadda suke kallon juna, abin ya ƙara zama bambaraƙwai. Cikakkiyar fassarar Turanci ita ce ta Viz da aka fara a 2014. Idan taken ya ce Cardcaptors, Tomoyo ta zama Madison, wannan na Nelvana ne. A Amurka kashi 39 kawai aka nuna cikin 70, aka fara daga na 8 don Syaoran, yaron da ke gasa da Sakura kan katunan, ya fito tun farko a ja hankalin maza. Glitter Force kuma Smile PreCure ce da aka rage daga 48 zuwa 40. 'Yan'uwa na Nijar da suka fi jin Faransanci za su ga Usagi da sunan Bunny a tsohuwar fassarar can, ita ma an taɓa ta. Kafin ki biya mai tura fina-finai, ki ƙirga fayil ɗin ki gwada da lambobin da ke sama, ki buɗe na farko ki ji sunaye.

Yarinya mai shekara tara da wuya ta iya bin rubutun fassara da ke gudu a ƙasan allo, don haka ita mai murya za ki nema mata. Idan mai rubutun kika samu a fayil ɗin mkv, rubutun ba a manne yake da hoton ba. Ki buɗe da VLC ko MX Player ki kunna shi, kuma ki sani idan aka juya fayil ɗin zuwa mp4 don a sa a filasha, sau da yawa rubutun yana ɓacewa. Shirye-shiryen shekarun 1990 an zana su ne don tsohuwar talabijin mai kusan murabba'i, 480p ya ishe su, kusan MB 60 zuwa 100 kowane kashi. Idan fuskoki suka yi faɗi a allo, ki mai da girman hoton 4:3.

Ke kuma, Madoka na nan tana jiranki, amma za ta fi yi miki tasiri bayan kin ga ashirin ko talatin na Sakura ko Sailor Moon, domin marubucinta Gen Urobuchi ya gina ta ne a kan abin da mai kallo ya saba: 'yar dabba mai magana ta zo da tayin ƙarfi, yarinya ta karɓa da murna. Shi sai ya tsaya a kan tambayar me dabbar ke samu a cinikin. Ki kalli kashi 12 ɗin, ki bar fina-finai biyun 2012 don maimaici ne, ki wuce Rebellion na 2013, wanda har yau masoya ba su daina gardama kan ƙarshensa ba. Masu cewa Madoka ce ta fara kawo duhu a wannan fanni ba su kalli na baya ba. A Minky Momo ta 1982 mota ce ta kaɗe jarumar ta mutu a kashi na 46, bayan kamfanin kayan wasan ya janye kuɗinsa. Princess Tutu ta 2002, kashi 26, agwagwa ce da ta zama yarinya mai rawar bale a garin da wani marubucin da ya mutu ke juya rayuwar mutane. Rabin farko kamar wasa, rabi na biyu ya fi yawancin 'yan daren zurfi, kuma wannan za ku iya kallonta tare idan ta kai sha biyu ko sha uku.

Akwai uku da sunansu ko zanensu ke yaudara, kada su shiga memorin da yara ke taɓawa: Magical Girl Site da Magical Girl Raising Project, saboda azabtarwa da zubar da jini, sai Prisma Illya, saboda yadda take nuna jikin ƙananan yara.