Tambaya da Amsa: Shuka ma tana da garkuwar jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina lambun tumatir a wajen Ikorodu. Na sayi irin da aka ce yana jure tsutsar saiwa, amma da na tuge wasu sai na tarar da saiwar duk ƙulli-ƙulli. Shin da gaske shuka na kare kanta, ko dai maganar 'yan kasuwa ce? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tana karewa ƙwarai. Sai dai ba ta da jini mai yawo da sojoji kamar namu, kowace ƙwayar halitta ita ke gadin kanta, kuma gadin hawa biyu ne.

Na farko yana bakin ƙofa. A fatar ƙwayar halitta akwai furotin masu shinshinar baƙo. Wanda aka fi sani shi ne FLS2, da aka gano a 2000 a Basel ta ƙasar Suwizalan. Yana kama wani guntu mai amino asid (tubalan ginin furotin) 22 daga wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. Da ya kama sai ya haɗe da abokinsa BAK1, su tada wani furotin mai suna BIK1 a cikin ƙwayar. Cikin 'yan mintuna kalsiyam ya kwararo, ƙwayar ta fesa iskar oksijin mai ƙuna, ƙofofin numfashin ganye su rufe, daga baya bangon ƙwayar ya ƙara kauri.

Cuta kuma takan yi allurar nata furotin cikin ƙwayar don ta kashe wannan ƙararrawa. Nan hawa na biyu ke shigowa: masu gadin ciki da ake kira NLR. Idan suka gane furotin ɗin cuta, sai ƙwayar ta kashe kanta, cutar ta rasa abinci a wurin. Sinadarin salisilik kuma ya taimaka wa sauran ganyaye su shirya.

Yanzu ga naka lambun. Yawancin irin tumatir mai jure tsutsar saiwa ya dogara ne da NLR guda, wato Mi-1. Matsalarsa ta farko zafi: idan zafin ƙasa ya zarce digiri 28 na ma'aunin Selsiyus, ƙarfinsa na raguwa sosai, kuma ƙasa mai yashi da ba a rufe ba a Legas tana wuce hakan da rana. Ta biyu, mai gadi ɗaya ne. In ka shekara kana maimaita iri ɗaya a kunya ɗaya, tsutsar da ba ya ganewa ita za ta yaɗu.

Saboda haka ka lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta yi sanyi, ka yi dashe da yamma, ka ƙone saiwar da ta kamu. Bayan girbi kada ka bi da barkono, gauta ko kuɓewa, duk abincin tsutsar ne. Sa masara a kunyar kafin tumatir ya dawo.