Tela ba ya sa almakashi kafin ya auna

Ka tambaye ni don me na hana ka taɓa alƙaluman da aka turo sai ka zauna da mai su, alhali ka iya Python da SQL, harsunan kwamfuta da ake sarrafa alƙaluma da su. Yaro, iyawarka ba ta dame ni ba. Ko telan cikin birni ba ya yanka shadda sai ya auna mai riga, ya ji ta Sallah ce ko ta zaman kasuwa.

Akwai aikin wani dillalin hatsi da har yau yake ci mini rai. Dashbod, wato allon kwamfuta mai nuna alƙaluma a taƙaice, ya nema na farashin masara a Giwa da Soba da Makarfi, ba a kuwa tambaye shi abin da zai yi da shi ba. Wata 3 ana gini a Power BI, manhajar haɗa dashbod, shafi 9, har da hasashen farashi. Ranar miƙawa ta bayyana Alhaji ba ya buɗe kwamfuta, wayarsa ce ofishinsa. Mai yanke ciniki ma yaronsa ne, yana tsaye tsakiyar kasuwa inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, tambayarsa guda: in saya nan ko in wuce gaba? Masu tattara farashi kuma wani na buhu ya rubuta, wani na tiya, ga shi buhun wata kasuwa ya fi na wata cika. Aka zuba su layi ɗaya aka fitar da matsakaici. Kuɗin mota, na 'yan dako da la'ada babu su a lissafin, sai kasuwa mai nisa ta fito kamar ita ce mai araha. Alhaji ya riƙe cikon kuɗi, wai ba abin da ya ce ba ke nan, kuma babu takarda. Bayan wata guda ga fayil ɗin Excel da aka sha wuya aka tace a hannun wani ɗan bautar ƙasa, yana tura wa Alhaji layi uku ta WhatsApp kowace safiya. Ashe iyakar bukatarsa ke nan.

Saboda haka kafin komai, takarda shafi ɗaya: wace shawara za a yanke da wannan aiki, wa zai yanke ta, ƙarfe nawa, a kan wace na'ura, kuma me zai nuna ta yi amfani. Mai aiki ya sa hannu, biya ya zama kashi-kashi. Sannan ka wuni da wanda zai yi amfani da abin, ba wanda ya biya ba. Kalli hannunsa, don abin da mutum ke faɗa a ofis daban, abin da yake yi a rumfa daban. Ma'auni ɗaya za a tsayar, naira a kan kilo, da sikeli.

Gwajin farko da hannu ake yi. Ka rubuta saƙon da kanka, ka tura mako 2. In ka makara mai amfani da saƙon bai kira ya tambaya ba, ba ya bukatarsa, ka huta da rubuta kod, wato umarnin kwamfuta. A cikin tawaga kuma mutum ɗaya ke riƙe jerin buƙatu, shi ke cewa wannan yanzu, wancan a'a. In kowa na karɓar aiki ta waya, shafi tara za ku sake haifarwa.

Tsarin CRISP-DM, wanda ake bi wajen aikin nazarin alƙaluma, mataki 6 ne, na farko fahimtar harkar mai aiki, gina model, wato lissafin da ke yin hasashe, na huɗu. Ku yaran yanzu daga satifiket ɗin intanet sai ku dira a na huɗu, kuna alfahari da daidaiton hasashe, ba ku taɓa duba sau nawa aka buɗe abin a mako ba. Cire maimaici da cike gurbi a cikin alƙaluma kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san su ba me ya kawo shi nan?

Ranar kasuwar Giwa ka bi hanyar Samaru da sassafe, da biro da littafi. Kwamfutar ka bar ta a ofis.