Abin da Ke Kai Mu Yawon Ruwa a Ikko

Yaya, ka tambaya ko da gaske ne mu mazauna Ikko mukan kwashi mata da yara mu shiga jirgin ruwa don shan iska kawai, babu wata lalura. Da gaske ne, kuma ba raina ruwa muka yi ba. Na san a gida ba a hawa kwalekwale sai dole, ga labarin kifewar jirage a Yawuri da Neja yana tayar da hankali.

Sai dai ka dubi yadda garin nan yake. Ruwa ne ya kewaye shi, hanyar mota kuma kullum a cunkushe. Ɗan kasuwan da ya taso daga Ikorodu zai iya cinye safiyarsa a gosulo kafin ya isa Marina, alhali jirgi ba ya kai awa ɗaya. Da neman abinci muka fara sabawa da ruwa. Daga baya muka gane cewa a duk faɗin Ikko a kan ruwa ne kaɗai mutum zai zauna ba hon, ba hayaƙi, ba mai ture shi.

Yawanci kwana biyu ko uku bayan Babbar Sallah ake fita, lokacin da fataken dabbobi sun sayar da dabbobinsu, hankali ya kwanta. Gida uku ko huɗu daga Agege ko Idi-Araba sai su yi karo-karo su ɗauki shatar jirgi guda. Shatar nan ita ce ginshiƙin abin: iyali ba sa cakuɗuwa da baƙin maza, kuma kai ke da ikon ce wa direba ya sassauta. Direbobin nan sun saba gudu, sai ka nanata masa cewa ba sauri kuke ba. Mata sukan zo da soyayyen naman Sallah da dambu, ga zoɓo da kunun aya a cikin kula.

Masu gajeren zango sukan bi Five Cowrie Creek, mashigin da ya raba Ikoyi da Victoria Island, yara su ga gadar Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, daga ƙarƙashinta. Ni na fi son hanyar Badagry. Da an bar Apapa da manyan jiragen kaya a baya, sai ruwan ya lafa, itatuwan kwakwa su jeru a gaɓa, masunta na jefa birgi daga kwalekwale, mata na ƙyafe kifi a bakin ruwa. A Badagry akan tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, inda aka riƙa fitar da bayi zuwa teku. Yaranmu da aka haifa a nan suna karanta wannan a makaranta, amma tsayuwa a wurin daban ne, kuma ina ganin haƙƙinsu ne a kai su.

Salla ba ta wuce mu. Da alwala muke shiga, a tsara tafiya yadda azahar za ta same mu a tudu. Bakin tekun Tarkwa Bay, da ba a zuwa sai ta jirgi, wasunmu kan je da sassafe su dawo kafin 'yan iyo su cika wurin, wasu kuma ba sa kai iyali sam saboda shigar da ake yi.

Batun tsoron hatsari kuwa, muna da ƙa'ida. Ba ma fita a Yuni da Yuli, lokacin da damina ta kankama. Idan kainuwa ta rufe ruwan Ikorodu, akan haƙura, don tana naɗe farfelar inji. LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa da jihar Ikko ta kafa a 2008, ta wajabta rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare. Mai gida da kansa yake bin yara ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure musu igiyar rigar, sannan a karanta addu'ar hawa abin hawa. Jirgin da rigunansa ba su ishe mu ba, ko nawa aka rage mana, ba ma shiga.

Idan Allah ya kawo ka Sallar baɗi, ka taho da su Hajiya, za mu sa ku cikin lissafin shata.