Tambaya da Amsa: Gabana yana faɗuwa in aka ce in rubuta rahoto

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a wani ofishi a Gusau. An ɗora mini rubuta rahoton wata-wata da ake raba wa dukkan ma'aikata. Aikin na san shi sarai, amma da na zauna gaban kwamfuta sai kaina ya ɗaure, ina tsoron a ga kuskure a yi mini dariya. Yaya zan yi? Wata mai karatu, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ke ɗaure miki kai shi ne kina haɗa aiki biyu lokaci guda: rubutu da gyara. Kina rubuta jimla, kina gogewa, har a kira azahar shafin bai kai rabi ba. Tela ba ya yin gugar ƙarshe sai ya gama ɗinki. Ki raba ayyukan nan, ki ba kowanne ranarsa.

Kafin komai, ki tambayi shugabanki abu uku: wa zai karanta, me ake so ya yi bayan ya karanta, kuma shafi nawa ake bukata. Galibi shafi ɗaya ya wadatar, kimanin kalmomi 300 zuwa 400.

Sai ki ɗauki wayarki, ki naɗi muryarki na minti 3 kina ba da labarin aikin watan da Hausa, kamar kina gaya wa abokiyar aikinki. Mai jin tsoron takarda ba kasafai yake jin tsoron magana ba. Ki saurara, ki fitar da abubuwa uku mafi muhimmanci. Daga nan ki ba kanki minti 20 ki rubuta ba tare da goge ko harafi ɗaya ba. Inda kika manta adadi, ki bar gurbi ki wuce. Mafi girman labari shi ne zai zo a sakin layi na farko. Doguwar shimfiɗa tana gajiyar da mai karatu tun kafin ya kai ga magana.

Ki bar rubutun ya kwana. Washegari ki karanta shi a bayyane. Duk jimlar da numfashinki ya ƙare kafin ta ƙare, ki raba ta biyu.

A nan muke so ki fi mai da hankali, domin kuskuren nahawu ba shi ne ke jawo wa ma'aikaci takardar tuhuma ba. Abin da ke jawo ta shi ne adadin kuɗi da bai dace da na takardun akanta ba, ko sunan mutum da muƙaminsa da aka rubuta ba daidai ba, ko kwanan watan jiya da ya maƙale saboda an kwafo tsohon rahoto. Ki bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya da takardun asali a gabanki. Bayanin da bai kamata kowa ya gani ba, kamar albashin wani ko rashin lafiyarsa, ki cire shi.

Kafin ki miƙa, ki ba mutum ɗaya da kika amince da shi. Kada ki ce masa “ya yi kyau?”, domin kara zai yi miki. Ki ce ya nuna miki wurin da bai gane ba. In shugabanki ya dawo da takardar da jan biro, ki kwafe gyare-gyaren a ƙaramin littafi, ki duba su kafin rahoton wata mai zuwa.