Me Ya Sa Muke Jiran Karofi?

Jiya da la'asar, muna kwashe shanyar rini a bakin karofi, ramin da muke jiƙa shuni, ka ce mini: "Maigida, me ya sa za mu zauna makonni muna jiran karofi ya nuna, alhali galura a awa ɗaya ta gama aiki, masaƙa kuma tana fitar da dubban yadi kafin mu tsame turmi ɗaya? Anya sana'ar nan ba ta mutu ba?" Ban amsa maka ba saboda akwai masu ciniki a tsaye. Tambayar ba ta ɓata mini rai ba, ɗana. Ni ma na yi wa mahaifina irinta, har na tafi na bar shi.

Marinar Ƙofar Mata da kake tsaye a cikinta, tun 1498 ake lissafin kafuwarta. A da, riga ɗaya sai ta ciyar da gida bakwai kafin ta hau wuyan mai ita. Manomi ya noma auduga, mata su gurje, su shiɓe, su kaɗa, masaƙi ya saƙa, mu rina, mabuga su buga, maɗinki ya haɗa. Na tarar da kakata tana kaɗi. Har yau ina ganin yatsunta, ta dangwali alli, ta murza mazari, tana hira tana tsawata wa jikoki, zaren bai tsinke ba. Kuɗin zaren nan nata ne, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafinmu na kaiwa Tumbuktu da Tarabulus. Amma shi ɗin ya ga yadin Manchesta a kasuwarmu. Ka ga ke nan baƙon ya daɗe da sallama.

Can Ingila abin ya faro. A 1771 Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗi a Cromford, ruwa ke juya injinan, daga baya aka koma tururi. Injin ba ya shiga tsakar gida kamar mazari, don haka mutane ne suka bar ƙauyuka suka bi shi. Aka rataya musu ƙararrawa, ita ke cewa a shiga, ita ke cewa a fita, sa'a goma sha biyu ko fiye, har da ƙananan yara, sai a 1819 doka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba a masaƙun auduga. Mu marina namu baƙon ya iso a 1897, da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari, manoman Indiya masu noman baba, tsiron da ake samun shuni daga ganyensa, suka durƙushe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yana kwasar gyaɗa da fata, yana sauke akoko da alawayyo. Waɗanda suka fara rasa abin yi su ne mata masu kaɗi, kuma babu wanda ya ji kukansu, domin a cikin gida suke.

Kada ka ji na faɗi haka ka zagi injin. Mahaifina ya ce a ƙuruciyarsu akwai magidancin da rigar kirki ɗaya gare shi, ita ce ta Juma'a, ita ce ta Sallah. Yadi mai araha ya suturta talaka, wannan gaskiya ce, ko ba ta yi wa marini daɗi ba.

Ina ɗan shekara ashirin na ajiye muciya na shiga wata masaƙa a nan Kano, lokacin Bompai da Sharaɗa da Challawa suna tashe. Ranar da na karɓi albashin farko, wallahi ji na yi kamar an ba ni garin. Na sayi keke, na sayi rediyo, da kuɗin na yi aure. A marina sai an yi ciniki a ci, can kuwa ƙarshen wata ba ya saɓawa. Amma jiniya ce ubangidana. In ta yi kuka, ko gawar maƙwabci aka fito da ita sai na nemi izini. Makon aikin dare, 'ya'yana suna barci nake fita, suna makaranta nake farkawa. Ƙarar injin ta sa da hannu muke magana, ƙurar auduga ta cika hanci da gashin ido. Aikina kuwa ɗaya tal: in zare ya tsinke in ƙulla. Shekara goma sha ɗaya ina ƙulla zare, ban taɓa ɗaga yadi na ce wannan ni na yi shi ba.

Daga 1986 darajar naira ta soma zubewa, kayan gyaran injin suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani. Daga baya kayan Sin suka cika Kantin Kwari. Wata safiya muka tarar da takarda manne a ƙofa. Mai sayar mana da shinkafa da wake a bakin ƙofar ta tsaya da tukunyarta, babu mai saye. Abokan aikina, ƙwararru a kan injinansu, wasu suka koma acaɓa, wasu gadi, domin abin da suka iya an kulle shi a ciki. Ni na dawo nan da kunya, tsoho bai ce mini komai ba, muciya kawai ya miƙo mini.

To ga amsar tambayarka. A farashi ba za mu taɓa kamo masana'anta ba, kada ma ka gwada. Karofi nawa ka gani an bari shara ta cike? Ba zan yi maka alkawarin arziki ba. Abin da muke sayarwa shi ne wanda injin bai damu da yi ba: ɗaurin da matan unguwa suka yi da hannu, shunin da Buzu ke gane shi daga nesa, sheƙin mabuga. Masu nemansa kaɗan ne, amma suna biya, kuma suna dawowa. Galura ma ka koya, ban hana ka ba, tana biyan kuɗin cefane. Sharaɗina ɗaya: kada ka rina da galura ka ce wa mai saye baba ne.

Jiran da ya dame ka kuwa, karofi abu ne mai rai. Baba da toka da kanwa sai sun ruɓa tare kafin shuni ya saki, ba a yi masa dole. A makonnin nan ne za ka koyi warinsa, ka san kumfar da ke cewa ya nuna da wadda ke cewa ya gaji. Gobe bayan asuba ka zo, na kusa da katanga ya kai. Kai za ka yi tsomin farko. Zanen zai fito kore, kada ka firgita ka mayar da shi, ka baza shi iska ta buge shi, ka tsaya ka kalla.