Bayan Ladi Kwali akwai Halima Audu

Malama, kin tambaya ko Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin ita kaɗai ta mace a wurin ginin tukwanen nan na Abuja. A'a wallahi, ita dai ce ta fara shiga a 1954, amma wadda ta biyo ta ita ce Halima Audu mutuniyar Ido, ta shiga a 1960 ta rasu a 1961, kin ga shi ya sa ba a cika jin sunanta ba, Allah jiƙan ta. Bayanta anka ɗauki su Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

Abujan da nike nufi hwa Suleja ce ta yanzu, can Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar. Matan ba koyon ginin tukunya ya kai su ba, sun iya abinsu tun gida irin na Gwari, da hannu suke ɗora yumɓu zobe-zobe ba inji, su zana ƙadangare da kunama da kifi tun tukunya na ɗanya, cikin abin da anka ƙara musu akwai shafa sinadarin ƙyalli da gashi da wuta mai tsananin zafi.

Ni nan ne nike ɗan ƙorafi, don tukunyar da anka yi ma haka ta yi nauyi kuma ba ta tsattsafo, ba za ta sanyaya ruwa kamar randunanmu na Sakkwato ba ko kusa, ta koma kayan adon falo kenan.